Ranar da Almu Magini Ya Ce Siminti Ya Yi Kyau

A Ƙofar Kaura cikin Katsina, duk wanda ya yi wayo kafin bulo da kwano su cinye unguwar ya san Malam Almu magini. Gajere ne kakkaura, tafin hannunsa ya yi kanta har ƙaya ba ta shiga da sauƙi. Ba shi da yawan magana, amma ba ya iya wuce katanga bai taɓa ta ba. Ko ta'aziyya ya je, ana tsakiyar addu'a sai ka ga hannunsa ya lallaɓa ya ƙwanƙwasa bangon zauren mutane da bayan yatsa, ya karkata kai yana saurare. Matarsa Talatu takan ce ya fi jin maganar bango a kan tata.

Gini gadonsu ne. Ubansa magini, kakansa magini. Yana shekara bakwai aka tura shi cikin kwaɓi yana taka ƙasa da ƙafa, yana sha biyu ya fara jefa tubali sama ubansa na cafewa a kan katanga. Kafin gemu ya fito masa ya iya ɗaure baka, wato a lanƙwasa azara da ƙasa su taso daga bango biyu su haɗu a sama, su ɗauki rufi ba ginshiƙi ko ɗaya. Bai shiga boko ba. Ma'auninsa kamu ne da taki da ido, kuma abin da ya auna haka bai taɓa faɗo wa kowa a ka ba.

Cikin duk abin da hannunsa ya taɓa, guda ɗaya ne yake ji kamar ɗan'uwansa na jini. A ƙauyen Rafin Kanya, gaba da Batagarawa kaɗan, akwai gidan Madugu Lado, wani bafatake da ya yi arziki da goro tun Turawa ba su zo ba. Kakan Almu ne ya gina masa soron ƙofar gida. Baka huɗu ne suka taso daga kusurwa huɗu suka haɗu a tsakiya, tsayin har sai hularka ta faɗi in ka ɗaga kai. Kaurin bangon ya kai kamu uku. Da tsakar ranar bazara, lokacin da kaji ke buɗe baki a waje, in ka shiga ciki sai ka ji kamar ka sa kai a randa. Jikin bangon waje kuma an shafe shi da makuba, ja mai duhu, da wani ƙulle-ƙullen zane da kakan ya yi da yatsunsa ƙasa na ɗanya. Almu kan sa nasa yatsun a gurbin, su zauna daidai.

Kowace shekara in an gama kai amfanin gona gida, gidan su Almu ke zuwa yi wa soron yaɓe. Babu takarda, babu ciniki. Kakansa ya yi wa Madugu, ubansa ya yi wa ɗan Madugu, shi kuma ya ɗauka daga nan. Ya toshe inda ruwa ya ci, ya gyara indararo, ya sabunta makuba, Gwaggo Dije ta aiko masa da tuwo da man shanu. Dije ita ce tsohuwar da ta rage a gidan, jikar Madugu ce, ta girmi Almu da shekara goma sha, kuma bakinta ba ya tsoron kowa. Shekara talatin da ɗaya Almu bai taɓa fashin wannan yaɓe ba, har shekarar da ya karye a ƙafa, a kan jaki aka kai shi ya zauna yana nuna wa ƙannensa.

Sai kuɗin mai suka zo. Waɗanda suka ga shekarar 1975 sun san yadda mutane suka haukace. Ma'aikata suka karɓi ariyas, wato tarin bashin ƙarin albashi, kowa ya ruga ya sayi babur da rediyo, har da masu sayen firji babu wuta a gidansu. Siminti kuwa ya zama kamar wani addini. Mutumin da aka haifa a ɗakin ƙasa, aka yi masa suna a ɗakin ƙasa, ya yi aure a ɗakin ƙasa, shi ne yau yake yamutsa fuska in ya ga ana kwaɓi. Ƙasa ta zama abin kunya. Magina irin su Almu, da a da ake musu shimfiɗa in sun zo, aka fara kiransu masu wasa da laka.

Mai gidan Madugu a lokacin shi ne Alhaji Babaji, ɗan yayan Dije. Babban ma'aikaci ne a wani ofis cikin gari, yana zaune a GRA, unguwar manya, yana da farar Fijo, ya je Makka sau biyu. Ba mugu ba ne, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Yana zumunci, yana aika wa gwaggonsa shinkafa da sukari. Matsalarsa ɗaya: yana jin kunyar inda ya fito, kuma yana da kuɗin da zai saya wa kunyar tasa magani.

Maƙwabcinsa a GRA wani Bature ne injiniyan ruwa, sai ƙanwar Baturen ta zo hutu. Sunanta Madam Birgita, a ƙasarsu zanen gine-gine take koyarwa. Wata rana ana cin abinci ta fito da wani tsohon hoto da wani ɗan ƙasarsu ya ɗauka tun zamanin da, ta ce an gaya mata wannan gini yana kusa da Katsina, ko akwai wanda ya san inda yake. Babaji ya duba sai ga soron kakan ubansa. Ya ce ai gidansu ne. Nan take aka sa rana, Asabar ta sama, saura kwana tara.

Washegari ya aika a kira Almu. Almu ya hau kekensa ya je GRA, mai gadi ya tsayar da shi a bakin ƙofa har sai da aka shiga aka tambayo. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasan baranda, Alhaji na kan kujera. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi zafi, aka tambayi Talatu da ciwon ƙafarta, sannan Babaji ya shigo da maganar. Baƙuwa za ta zo daga Turai takanas don ta ga gidan Madugu. Ba zai yiwu ta tarar da shi haka jajawur kamar gidan gara ba. Ya riga ya sa an kai buhu sittin na siminti, yana so Almu ya shafe soron tas daga sama har ƙasa, a yi masa fenti.

Almu ya ɗauka wasa ne. Da ya ga ba wasa ba ne sai ya gyara zama ya yi bayani a tsanake, kamar yadda ubansa ya yi masa. Ya ce ginin ƙasa yana shan ruwa da damina, ya fitar da shi da rani, haka yake rayuwa. Siminti ba ya kama ƙasa, zama kawai yake a kanta. Rana za ta tsaga shi, ruwa ya shiga ta tsagar, in ya shiga kuma ba shi da hanyar fita. Daga waje za a ga bango fes, daga ciki yana narkewa.

Babaji ya yi dariya har da buga gwiwa. “Baba Almu ke nan. Duk duniya an koma siminti, kai kaɗai ne ka gano yana kashe gini?”

“Ranka ya daɗe, ginin bulo daban, wanga daban. In ka rufe shi, damina biyu na ba shi. Uku in Allah ya yi mashi jinƙai.”

“To in ba ka iyawa ka faɗa mani, akwai masu iyawa.”

Almu ya ce iyawa kam ya iya, yi ne ba zai yi ba. Ya sa takalminsa ya tura kekensa har bakin titi kafin ya hau.

Masu iyawar suka zo. Wani ɗan kwangila ne da leburori goma sha biyu, waɗanda ba su taɓa riƙe tubali ba. Da suka ga zanen bangon ya hana siminti kwanciya daidai, sai suka sa shebur suka kankare shi. Zanen da ya fi shekara ɗari, kafin azahar ya zama tarin ƙasa a gindin bango, awaki na tattakawa. Suka bubbuga ƙusoshi, suka ja wayar kaji, suka maka siminti. Dogayen indararon da ke jefa ruwan rufi nesa da gini suka cire, wai sun yi kama da na ƙauye, suka sa wasu guntayen bututu. Sannan aka yi fenti, fari daga sama, shuɗi daga ƙasa. Dije ta fito ta tsaya da sandarta ta tambayi ɗan kwangilar ko allura za a fara yi a gidan ubanta, don ita dai ɗakin shan magani take gani. Ya ce umarnin Alhaji ne. Ta aika wa Alhajin saƙo, aka dawo mata da turmin atamfa.

Almu ya je a rana ta uku. Bai matsa kusa ba, a gindin tsamiyar da ke fuskantar gidan ya tsaya riƙe da keke. Ya ga tarin ƙasar zanen. Ya juya ya koma gida, Talatu ta ajiye masa tuwo har ya huce ta ɗauke.

Ranar Juma'a da yamma direban Babaji ya zo Ƙofar Kaura da saƙo. Wai Baturiya ta ce lallai tana son ganin maginin da ke kula da soron, don haka gobe ya sa riga mai kyau ya zo, kuma Alhaji ya ce a taƙaita magana. Talatu ta ce kada ya je. Ya ce gidan Madugu bai taɓa kiran gidansu an ƙi zuwa ba, ba kuma daga kansa za a fara ba.

Ranar Asabar tun da safe Rafin Kanya ta zama wani gari daban. An share ko'ina, an ɗaure awaki a bayan gari, an yanka rago. An aro kujerun makarantar firamare an jera, an jiƙa lemun kwalba a randa don ya yi sanyi. Mai unguwa ya naɗa rawanin da ba ya fitowa sai da salla. Da hantsi Landiroba ta tsaya, Babaji ya fito cikin shadda, Madam Birgita ta biyo shi, doguwa, fuska ta yi ja saboda rana, kyamara a wuya, hoton nan a hannu.

Ta dubi hoton, ta dubi farin ginin da ke gabanta, ta sake duban hoton. Ta tambayi Babaji da Turanci ko nan ne wurin. Ya ce nan ne, ya buɗe hannuwa yana murmushi, ya ce dominta aka gyara shi, cikin kwana biyar kacal. Almu ba ya jin Turanci, amma yana tsaye kusa, ya ga yadda bakinta ya ɗan buɗe ya rufe. Irin kallon da mai jinya ke yi ne in ya iso asibiti ya tarar an naɗe katifa. Sai ta yi murmushi ta ce ta gode.

Allah ya sa lokaci ya ƙure wa ɗan kwangila, bai taɓa cikin soron ba. Da ta shiga ta ɗaga kai sai ta tsaya tana kallon rufin. Ta daɗe a haka. Can sai ta miƙa wa direba jakarta, ta kwanta rigingine a ƙasa, a gaban mai unguwa da dattawan gari, tana ɗaukar hoton rufin. Dattawa suka kawar da kai. Dije daga bakin ƙofar cikin gida ta ce a bar ta, ita kaɗai ce a wurin ta san abin da ta zo gani.

Aka kawo Almu. Ashe ta koyi Hausa kaɗan a littafi, irin mai tauri, kowace kalma a tsaye ita kaɗai. Ta gaishe shi, ta tambayi gajiya, ta tambayi iyali, har ta tambayi dabbobi. Sannan ta nuna inda bakunan suka haɗu ta ce yaya aka yi. Almu ya fara da baki, ya ga ba za ta gane ba, sai ya tsuguna ya karya tsinken tsintsiya yana jerawa a ƙasa, yana nuna mata yadda kowace azara ke hawa kan 'yar'uwarta tana ɗan leƙowa gaba, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe kafin a ɗora ta gaba. Ita ma ta tsuguna tana zanawa a littafinta, in ta yi kuskure ya sa yatsa ya nuna mata. Rabin awa suna haka. Rabon da wani ya tambaye shi yadda ake ɗaure baka har ya manta, 'ya'yansa ma biyu sun tafi koyon tuƙi. Babaji na tsaye yana duba agogo, yana cewa nama zai huce.

Da aka fito waje ne abin ya faru. Duk gari na tsaye, maza a gaba, mata na leƙe ta kan danga. Madam Birgita ta je ta ɗora tafin hannunta a kan farin bangon, ta ƙwanƙwasa shi, sannan ta juyo ta dubi Almu ido cikin ido.

“Malam Almu, siminti a kan ƙasa. Yana da kyau?”

Almu ya ji amsar ta zo masa har baki, amsar da ya kwana takwas yana tauna. Ya dubi Babaji, ya ga murmushin ya bushe a fuskarsa, gumi na bin gefen hularsa. Ya dubi mai unguwa, ya dubi kujerun aro da ragon da aka yanka. Tun yana yaro aka koya masa, kamar yadda aka koya wa kowa a wurin, cewa ba a kunyata mai gida a gaban baƙonsa. Ko me ke tsakaninku, ka haɗiye har baƙo ya tafi. Gidansu ya ci tuwon gidan nan tun daga kan kakansa.

“Ya yi kyau, Madam,” in ji shi. “Alhaji ya yi ƙoƙari.”

Dattawa suka gyaɗa kai, wani ya ce madalla da Almu, ɗan halak. Baturiyar ta ɗan ƙara kallonsa, ta rubuta wani abu a littafinta, ta ce to, madalla.

Ku duba fa. Matar nan aikinta ke nan, shi take koyarwa, ta san abin da siminti ke yi wa ginin ƙasa sarai. Da ta buɗe baki ta gaya wa Babaji da Turancin da yake girmamawa, wallahi da kafin Litinin an ɓamɓare shi, don abin da Almu zai faɗa sau ɗari bai kai nata sau ɗaya ba a kunnen Alhaji. Amma ita ma baƙuwa ce, an yanka mata rago, ba ta son ɓata wa mai masauki. Ta jefa wa talaka tambayar a gaban ubangidansa, ta jira ya ɗauki nauyin da ita ta kasa ɗauka. Mutum biyu ne a filin nan suka san gaskiya, kowannensu ya yi ladabi ya yi shiru.

Daga nan aka ci nama, aka sha lemo. Aka zaga da ita ta ga masu saƙar tabarma da rijiyar gari, ta sayi faifai biyu, ta ɗauki hoton mata suna daka. Kafin la'asar Landiroba ta tashi. Duka-duka awa biyar ta yi a Rafin Kanya, ba ta sake dawowa ba, ba kuma wanda ya sake jin labarinta.

Almu na kwance ɗaurin kekensa Dije ta aiko a kira shi. Ya tsuguna ya gaishe ta. Ta tsallake gaisuwar ta ce:

“Almu, ashe har da bakinka suka shafe da simintin?”

Ya ce, “Gwaggo, a gaban baƙuwa ne.”

“Baƙuwar ta tahi. Mu da za mu kwana a nan hwa?”

Wannan tambayar ce ta bi shi har gida, ta zauna masa a ƙirji. Haushin Babaji yake ji, yana jin na Baturiya, amma wanda ya hana shi sakat nasa ne na kansa.

Kafin ruwa ya sauka, sau uku yana zuwa GRA. Ya ce biki ya wuce, baƙuwa ta gani ta yaba, yanzu a bar shi ya ɓamɓare simintin tun ƙasa na da rai, ba ya son ko sisi, shi zai nemo makuba. Zuwan farko aka ce Alhaji na barci. Na biyu aka ce ya tafi Kaduna. Na uku ya same shi yana shirin shiga mota, Babaji ya saurare shi ƙafa ɗaya a ciki, sannan ya ce, “Baba Almu, ba kai da bakinka ka ce ya yi kyau ba? A gaban Baturiya, a gaban gari duka. Ko ƙarya ka yi?” Almu ya sunkuyar da kai. Dattijo mai furfura ba ya iya cewa ya yi ƙarya a gaban direba da mai gadi. Mota ta tashi ta bar shi da keke.

Daminar farko bangon ya yi tsaga siriri-siriri kamar gashi. Almu ya je ya ƙwanƙwasa gefen gabas, inda hadari ke dukansa, ya ji yana amsawa kamar ganga. Ya aika wa Babaji, Babaji ya turo mai fenti ya rufe tsagar. Da kaka ta yi, karo na farko cikin shekara talatin da biyu, lokacin yaɓe ya zo Almu ba shi da abin da zai yaɓa. Ya je duk da haka. Ya roƙi Dije ta daina bi ta soron, ya fasa mata wata ƙofa a dangar baya da hannunsa. Dattawan da ke hira a ciki ya gaya musu su koma gindin tsamiya, suka ce Almu dai baƙin ciki yake don an ƙwace masa aiki.

Damina ta biyu, cikin watan Agusta, aka kwana uku ana ruwa. Bangon gabas ya yi ciki kamar mai juna biyu. Ƙafar baka ɗaya ta nutse, rufin ya buɗe, wani gungumen ƙasa ya faɗo daidai inda mai unguwa ke shimfiɗa buzunsa, Allah ya sa ya fita alwala. Ranar babu wanda ya sake maganar baƙin ciki. Aka nemi ɗan kwangila, ya zo ya leƙa daga nesa ya ce yaransa ba za su hau wannan ba. Dole a sauke soron kafin ya kashe wani, kuma duk ƙasar mutum ɗaya ne ya san wace azara ke riƙe da wace.

Direba ya zo Ƙofar Kaura. Almu ya ɗauki diga da igiya da tsani ya tafi, ya jingine su a gindin tsamiya, ya zauna. Mai unguwa ya ce bismilla mana. Almu ya ce a gidansu magini ba ya fara sara a ginin ubansa. Mai gida ke kai saran farko da hannunsa, sannan magini ya hau. Haka ya tarar, haka zai bari. Aka aika wa Babaji, ya ce ya wakilta mai unguwa. Almu ya ce ba a wakilci. Babaji ya ce to Gwaggo Dije ta yi, ai ita ma jinin Madugu ce. Dije ta ce a gaya masa ba ita ta sayo siminti ba.

Kwana uku Almu na zuwa da safe ya zauna, ya koma da yamma. Kullum hadari na haɗuwa a gabas, mutane na kallon sama suna kallon soron, ana hana yara wucewa ta wajen. Wasu suka zage shi, suka ce taurin kai zai sa a yi asarar rai. Ya ce ya toshe hanyar da ƙaya, ba mai bi, kuma shi yana nan.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci farar Fijo ta shigo gari tana tsallen taɓo. Babaji ya fito cikin farar shadda, fuska a murtuke, bai gaisa da kowa sosai ba. Ya ce ina digar, a yi a gama, yana da baƙi a gida. Almu ya miƙa masa da hannu biyu, ya kai shi gefen kudu inda ba abin da zai faɗo masa a ka, ya nuna masa wuri daidai ƙirji.

Babaji ya ɗaga diga ya sara. Bai ma sa ƙarfi ba. Wani falle na siminti mai faɗin ƙofa ya saki gaba ɗaya ya kife a ƙasa, abin da ke bayansa ya biyo shi. Ba bango ba ne, kunu ne, baƙi, mai warin rijiyar da aka daɗe ba a ja ba. Ya kwararo ya wanke masa shadda daga ciki har takalmi. Babaji ya tsaya da diga a hannu yana kallon ramin. Ya sa yatsa a cikin abin da a da kamu uku ne na ƙasa mai tauri, yatsan ya shige har ƙarshe.

Gari duka na tsaye, kamar dai waccan Asabar. Almu ya karɓi digarsa.

“Alhaji, ka tambaye ni ko ƙarya na yi. Ƙarya na yi. Bai yi kyau ba, ko a ranar bai yi kyau ba.”

Babaji ya juya. Ya koma mota da taɓonsa, direba ya shimfiɗa masa jarida a kujera.

Almu ya jingina tsani ya hau. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana sauke soron, daga sama zuwa ƙasa, yana kwance kowane ɗauri a bayan wanda ya biyo shi, yadda kakansa ya ɗaura amma a juye. Bai bar kowa ya hau tare da shi ba. Azarorin da ya zare, ban da na gefen gabas, duk lafiyarsu ƙalau, ko gara ba ta taɓa su ba, da za su ƙara wata shekara ɗarin. Ya jera su a tsakar gidan Dije. Bayan shekara Babaji ya gina shago biyu na bulo a wurin.

Almu ya ƙara shekara tara a duniya, yana ɗan gyaran rumbu da madafi a Ƙofar Kaura, amma ya zama wani mutum daban. Ladabin nan da aka yabe shi a kansa ya ajiye shi. In ka gina sabon gida ka tara jama'a walima, ka kuskura ka tambaye shi yaya ya gani, a gaban surukanka da baƙinka zai gaya maka harsashin bai kai ba, ko kwanon zai yi yoyo kafin baɗi. Mutane suka ce tsufa ya ɓata Malam Almu, ba shi da kara. Aka daina tambayarsa, daga baya aka daina gayyatarsa ma. Talatu ta roƙe shi ya riƙa yin shiru ko don zaman unguwa. Ya ce ya taɓa yi sau ɗaya.